Khan ɗin da Bai Yi Waƙa Ba

A bazarar 1993, ana cikin murnar ɗan garinmu Mahamane Ousmane ya ci zaɓen shugaban ƙasa, ni kuwa ina ɗan lise, ina da wata ƴar sana'a ta dare da mahaifina bai sani ba. Ni ne mai fassara a wani gidan kallo da ke Zango. Kada ka ji na ce gidan kallo ka zaci wani gini ne. Kango ne aka kewaye da zana, benci takwas a baya, tabarmi a gaba don yara, tele ɗaya bisa tebur, manyeto a ƙarƙashinta an lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura, sai ɗan gurup a bayan katanga ko da wuta za ta ɗauke. Kuɗin shiga dala biyar. Aikina in tsaya gefen tele, Bature ya faɗa da Faransanci, ni in mayar da Hausa, in ƙara gishiri inda na ga miyar ta yi lami. Ladana dala ashirin da kofin shayi.

Wata rana Maigida ya zo da wani kaset da ya saya hannun wani direban da ke zuwa Kwatano. Kwalin ba hoto, an dai rubuta da bik a gefe: La Colère de Khan. Ya miƙo mini ya ce, "Kai ɗan lakkwal, me aka ce nan?" Na ce, "Fushin Khan, Maigida." Ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi, Indiya ne." Wa zai ga laifinsa? Lokacin Salman Khan na tashe saboda Maine Pyar Kiya, manya kuma ba su manta da Amjad Khan na Sholay ba. Duk wanda ake kira Khan a saninmu, ko dai ya yi waƙa a cikin furanni, ko ya sace wadda ake yi wa waƙar. Na ɗauki alli na rubuta a allon ƙofa da manyan baƙaƙe: YAU FUSHIN KHAN. Kafin a idar da sallar isha'i wuri ya cika maƙil, har ƴan mata masu tallan gyaɗa sun aje farantansu sun leƙo ta kafar zana.

Aka kunna. Duhu, taurari, sai ga Turawa cikin jajayen riguna zaune bisa kujeru suna ta danne-danne. Minti biyar, ba waƙa. Minti goma, ba rawa. Wani daga baya ya ce, "Ina Khan ɗin?" Da Khan ɗin ya bayyana kuwa, wani dattijo ne mai furfura har kafaɗa, ƙirji a buɗe, sai wurin ya kaure. "A ba mu kuɗinmu!" Maigida ya dube ni duban da ke cewa kai ka ja mana. Abin da ya cece mu shi ne wata ƙwaruwa. Khan ya sa hantsaki ya zaro wasu ƴan halittu masu kama da gwano, aka saka su cikin hular mutum biyu, suka rarrafa suka shige kunnuwansu. Wurin ya yi tsit, yara suka toshe kunnuwa da tafin hannu. Na ga dama ta samu, na buɗe baki. Mai dogayen kunnuwan nan, Spock, na ce aljani ne da ya musulunta yake yi wa mutane aiki. Na'urar da ke ɓatar da mutum nan ta fito da shi can, na ce layar zana ce irin ta Turawa. Jama'a suka gyara zama.

Sai wata murya daga benci na ƙarshe ta ce, "Kai yaro, ji tsoron Allah. Ba aljani ba ne."

Wani malamin lissafi ne na wata kolej, wanda kowa ke kira Mushe kawai. Bai taɓa taka ƙafarsa gidan kallonmu ba. Wucewa yake bisa babur ya ga sunan a allo, ya gane abin da mu ba mu gane ba. Ya yi karatu a Faransa, can ya riƙa kallon Star Trek, shirin da ya haifi fim ɗin, a tele mako bayan mako. Na ce, "Gafarta Mushe, to mene ne?" Ya ce, "Ubansa mutumin wata duniya ne, uwarsa ƴar Adam. Kuma wannan ba laya ba ce, ilimi ne." Jama'a suka ce ya yi shiru, sun fi son layar. Ya yi shiru har ƙarshe, inda Spock ya shiga ɗakin da gubar inji ta cika don ya ceci jirgin, ya mutu a bayan gilashi, abokinsa Kirk na wancan gefe ba halin ya taɓa shi. Da aka kunna fitila muka ga Mushe, mai gemu, mai mata da ƴaƴa, yana share ido da hularsa. Yara suka yi ta dariya. Ni ma na dara.

Mun kai sha biyun dare a teburin mai shayi ana gardama. Mu muna cewa fim ɗin ba daɗi, ba mata, ba faɗan hannu. Shi kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya ce fim ɗin ya fi duk sauran kyau, amma akwai ƙarya ɗaya a ciki: Khan ya gane Chekov, ɗaya daga cikin waɗanda aka saka wa ƙwaro a kunne, alhali a shirin 1967 inda Khan ya fara fitowa, ba a ma riga an sako Chekov a labarin ba. Ta yaya zai tuna fuskar da bai taɓa gani ba? Na ce a raina, karatu ya taɓa bawan Allah nan. Sai da na girma na gane cewa a daren nan duka, shi ne ya yi kallo irin na mutanen Damagaram. Mu baƙi ne a labarin, shi ɗan gida ne, kuma ɗan gida shi ke cewa "ba haka wane yake ba."

Wannan tambaya, "ya yi kama?", ta girmi silima a garin nan nesa ba kusa ba. Zango, inda gidan kallonmu yake, masaukin ayari ne tun asali. Nan raƙuman Abzinawa da fataken Tarabulus da Gat ke sauke kaya kafin su wuce Kano, kuma ayari ba gishiri da dabino kaɗai yake kawowa ba, har da labarin duniya. Birni kuwa, da fadarsa da duwatsunsa, shi ne mazaunin sarauta. Sarki Tanimu, wanda mulkinsa mai tsawo ya kama daga 1851 zuwa 1884, shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan cikin gari. A ƙarshen 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta zagayo Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shigo. Suka mai da Damagaram babban birnin mulkinsu a 1911, suka ɗauke shi zuwa Yamai a 1926. Duk yaron da ya tashi a Birni ya ji waɗannan labarai daga bakin kakanni, kuma ya ji yadda ake katse mai ba da labari in ya kauce. Kakata, Allah ya jiƙanta, ko tatsuniyar Gizo aka yi a gabanta aka sa shi ya yi abin kirki ba da wata manufa ba, sai ta ce, "A'a, wannan ba Gizo ba ne, sake."

Amma makarantar da ta fi koya mana wannan kallo ita ce wasan kara. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Samarin unguwanni ke shirya shi, su raba wa junansu muƙaman masu mulki. Wannan ya zama sarki, wancan gwamna, wani shugaban ƙasa, wani kwamandan soja, har da baƙin shugabannin ƙasashen waje. A nemo tufafi irin nasu, a koyi tafiyarsu da yadda suke ɗaga hannu da yadda suke gyaran murya kafin jawabi. Sunan ya samo asali daga kara, don da karan dawa yara ke ƙera dawaki da bindigogi da sauran kayan sarauta. Ɗan garin nan Inoussa Ousseini, wanda ya yi fim ɗin Paris c'est joli a 1974, ya ɗauki wasan a fim a 1980, da sunansa na Hausa. Abin lura shi ne, a wasan kara ba labari ake zuwa ji ba, don kowa ya san labarin. Ana zuwa ne a auna. Na taɓa tsayawa kusa da wani tsohon soja yana kallon saurayin da ya fito a matsayin Janar Seyni Kunce. Kakin ya yi, hular ta yi, siririn jikin ma ya yi. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Idon bai yi ba. Shi in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara." Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, amma mu nan mun mai da neman kamar ya zama sana'ar ƴan kallo.

Silima ta zo ta tarar da mu a haka. A Kano tun 1937 aka buɗe Rex. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai shekara da shekaru, abin da suka ga dama shi ke iso mana, sau da yawa bayan ya gama zagaya garuruwan bakin teku ya kakkarce. Silimar da na tarar ba ta da rufi. Katanga ce doguwa da farin bango, masu kuɗi a kujerun baya, mu talakawa a gaba muna ɗaga wuya. Kaboyi, Indiya, karate, su ne abincin. Malamai na cewa wurin ƴan iska ne, iyaye na dukan wanda aka gani a layin tikiti, amma washegari a kasuwar Dole za ka ji tela da mai faci suna musu a kan ko yaron fim ya kyauta da ya bar shef bandi da rai. Samari suka riƙa ɗaukar sunaye, wannan Django, wancan Ringo. Moustapha Alassane ya ga wannan tun da wuri. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ga wasan kara ke nan ya haɗu da silima: an sa kayan, an ɗauki sunan, saura a ga ko za a yi kama. Shekara shida bayan haka Oumarou Ganda ya ciyo wa Nijar babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Sai dai in faɗi gaskiya, finafinan nan namu sun fi samun ƴan kallo a bukukuwan Turai bisa ga silimar garinmu.

Silima baƙo ce, ta zo dare ɗaya ta wuce. Wadda ta zauna da mu har ta zama ƴar gida ita ce tele. Nijar ta fara da talabijin na makaranta a 1964, Tele Sahel kuma ta soma a 1979. Zamanin Kunce ne, zamanin samariya, aka riƙa kafa akwatin tele na jama'a a dandali, wasu da faifan hasken rana, unguwa guda ta taru gaban gilashi ɗaya. A nan ne wasan kwaikwayon Hausa na ƙungiyar Yazi Dogo, malamin makarantar da ya yi tashe daga nan Damagaram, ya shiga jinin mutane, ta rediyo da ta tele. In kana ganin mutum kowane mako, shekara da shekaru, ka san tarinsa, ka san abin da zai ce kafin ya buɗe baki, to ya tashi daga ɗan wasa ya koma maƙwabci. Kuma maƙwabci, in ya sake hali rana ɗaya, dole a tambaye shi lafiya. Abin da ya sami Mushe da Spock ke nan, can a ɗakin ɗalibai cikin sanyin Faransa, ba dangi ba tuwo, sai wani mai dogayen kunnuwa wanda shi ma shi kaɗai ne irinsa a cikin jirgin.

Daga baya na bi tarihin shirin, na tarar Mushe yana da ƴan'uwa miliyoyi. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek, tashar NBC ta fara nuna shi a watan Satumba na 1966, shekarar da kaboyin Alassane suka hau dawakinsu. Labarin jirgin sama jannati ne mai suna Enterprise, da kyaftin ɗinsa Kirk, da mataimakinsa Spock, da likita McCoy, da wata baƙar mace mai kula da sadarwa, Uhura, wadda aka ciro sunanta daga kalmar Swahili mai nufin ƴanci. Bai samu kasuwa sosai ba. Da aka ji ƙishin-ƙishin za a dakatar da shi a 1968, masoyansa suka yi wa tashar ruwan wasiƙu har aka ƙara masa shekara guda. A 1969 aka rufe shi da kashi 79, makonni kaɗan kafin ɗan Adam ya taka wata. A wannan shekarar ce kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya tare da Kolin Koliyo. Ina faɗin wannan don masu cewa Bahaushe ba ruwansa da irin wannan labari. Da ruwansa, tun kafin a haifi da yawansu.

Shirin ya mutu, masoyansa suka ƙi binne shi. Ƙananan tashoshi suka yi ta maimaita shi, a 1972 aka yi babban taron masoya a New York, a 1976 wasiƙunsu suka sa gwamnatin Amurka ta raɗa wa kumbonta na gwaji suna Enterprise. Da Star Wars ya kwashi kuɗi a 1977, kamfanin Paramount ya farga cewa yana da irin wannan hajar a ajiye. A watan Disamba na 1979 fim na farko ya fito, Robert Wise ya ba da umarni. Shekara goma ana jira, sai ga abin da aka samu: jirgi yana ta shawagi a hankali, mutane sanye da tufafi masu launin toka suna kallon gilashi, raha da tsokanar da aka saba ji tsakanin Spock da McCoy ta yi ƙaranci. Masoya suka juya sunan fim ɗin suka yi masa laƙabi mai nufin hoton da ba ya motsi. An kashe kuɗi, an ƙawata, amma idon bai yi ba, in ji tsohon sojanmu.

Na biyun shi ne namu na Zango, na 1982, wanda Nicholas Meyer ya ja ragamarsa. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce, aka koma cikin tsohon shirin aka ɗauko tsohon maƙiyi, Khan, da ɗan wasan da ya fito a shi tun farko, Ricardo Montalbán, aka ce ya dawo ɗaukar fansa bayan shekara 15. Tun kafin fim ɗin ya fito labari ya fasu cewa za a kashe Spock, wasiƙun fushi suka yi ta zuwa. Da aka gani kuwa aka yi kuka aka yafe, sannan a fim na uku, a 1984, aka tashe shi. Daga nan wata magana ta kafu a bakin masoya, wai finafinan da lambarsu ke rabuwa biyu daidai su ne masu kyau, na biyu da na huɗu da na shida, sauran kuwa sai haƙuri. Na biyar, na 1989, wanda William Shatner mai fitowa a Kirk ya ba da umarni da kansa, shi ya fi shan suka. A 1994 aka kashe Kirk a Generations. Da farko harbinsa aka yi ta baya, ƴan kallon gwaji suka ƙi, aka sake ɗauka aka sa gada ta rufto da shi, kuma har yau akwai masu cewa wannan ba mutuwar da ta dace da shi ba ce. Ni a ganina suna da gaskiya. Mutumin da ya yi kusan shekara talatin yana tsallake mutuwa a tsakanin taurari, a ce ƙarfen gada ne ajalinsa, ko a tatsuniya kakata ba za ta karɓa ba.

Mu kuwa a nan, tafiyar ta bi wata hanya. Kaset ya kashe silima, kamar yadda ya yi a ko'ina. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kuma yawancin waɗanda suka fara wannan harka daga ƙungiyoyin wasan daɓe da na talabijin suka fito. Tsakaninmu da Kano tafiyar ƴan sa'o'i ce, ko ta Matamai da Daura ko ta Magarya, saboda haka kaset in ya fito can ranar Litinin, kafin Juma'a yana Zango. Da Sangaya da Wasila suka zo, sana'ata ta mutu murus, don wa ke neman tafinta a fim ɗin da ke magana da harshen uwarsa? Faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta riga ta sa Maigida ya ƙara kuɗin shiga ya rage ladana, Kano ta zo ta ƙarasa ni. Na yi dariya ranar da na fara jin fassarar Algaita, an sa wa ƴan Indiya Hausa a baki, da ƙarin gishiri irin wanda Mushe ya ce in ji tsoron Allah a kansa. Ashe sana'ar ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi ta shige cikin kaset ɗin kansa.

A shekarun nan ne kuma fada ta yawaita a garin. Ba fadar sarki ba, fadar samari: benci, tabarma, butar shayi bisa gawayi, suna rubuce a bango. Bayan taron ƙasa na 1991 baki ya buɗe, aiki kuwa babu, sai zama. Gardamar da a da ake yi a ƙofar silima a watse, yanzu ta samu mazauni na dindindin, tana da shugaba da ma'aji. Shayi uku ake zubawa, kuma na sha ganin fim ɗaya ya cinye su duka ukun ba a gama da shi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ƙafar ta juyo. A Amurka shirin mako-mako ne ya haifi manyan finafinai. A wurinmu manyan finafinan ne suka narke suka koma shirin mako-mako. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, satar fasaha ta karya kasuwar faifai, waya ta shiga kowane aljihu, sai ga Izzar So a YouTube, ga Labarina na Aminu Saira a 2020. Nan ne mutanenmu suka ɗanɗani abin da Mushe ya ɗanɗana. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka kawo Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya, gidana kaɗai ya rabu biyu. Uwargida ta ce ita dai Sumayyarta ta tafi, wannan baƙuwa ce aka sa wa kayanta. Babbar ƴata ta ce, "Haba Inna, ai labarin ake bi, ba fuska ba." Uwar ta ce, "Ke yarinya ce. Da fuskar muka saba." Sati uku ba a kalli shirin tare ba. Daidai irin wannan rabuwa aka yi can a 2009, lokacin da J. J. Abrams ya kawo samari, Chris Pine da Zachary Quinto, suka gaji Kirk da Spock. Matasa suka cika silima, tsofaffin masoya suka yi ta gunaguni. A 2013 aka sake dawo da Khan da wata sabuwar fuska a Into Darkness, kuma a taron masoya na Las Vegas a shekarar aka jera finafinan, suka sa shi can ƙarshe, suka ɗora na 1982 a kan gaba.

Gardama mafi zafi da na gani a fadarmu ba a kan baƙo aka yi ta ba. A 2021 Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim mai suna Zinder, wato Damagaram, a kan samarin Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare. Ta nuna ƴan fale masu ɗaga ƙarfe, da masu fasa-ƙwaurin esansi daga kan iyaka, da wata ƙungiya da ta raɗa wa kanta suna Hitler bisa zaton wani jarumin Amurka ne, jikokin kaboyin Alassane ke nan in ka duba da kyau. Wannan karon mu ne a cikin gilashin. Wani abokinmu ɗan Birni ya ce ta tona mana asiri, ina fada, ina hawan salla, ina malaman Garin Malam, da za a ɗauki sunan gari duka a liƙa wa unguwa ɗaya? Wani direban kabu-kabu da ya tashi a gefen Kara-Kara ya ce masa, "Yaya, kai ba ka taɓa shiga ba shi ya sa. Wallahi har warin wurin na ji." Aka yi ta yi har gawayi ya mutu. Ba wanda ya ce fim ɗin bai yi kyau ba, ba wanda ma ya tada zancen kyau. Kowa a kan kama yake magana.

Mushe ya yi ritaya tuni, idonsa ya yi rauni, yana zama a ƙofar gidansa da la'asar da carbi da ƴar rediyo. Shekarun baya na je gaishe shi da fim ɗin 2009 a wayata. Na durƙusa na ce, "Mushe, ka tuna ni? Mai aljani." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ne maƙaryacin Zango? Zauna." Na riƙe masa wayar dab da fuska. Ya kalli sabon Spock ɗin shiru, ya ce a mayar baya, ya sake kallo. Ya ce, "Kunnen ya yi. Girar ma ta yi. Amma wannan yana da fushi a ciki, dubi bakinsa. Wancan in ya ji zafi ba ka gani sai a ido." Can tsakiyar fim, a cikin wani kogon ƙanƙara, sai ga Leonard Nimoy, Spock na asali, da kansa ya juyo, ya tsufa, fuska duk ta yamutse. Mushe ya kama hannuna ya matso da wayar. Na gaya masa mutumin ya rasu a 2015. Ya yi shiru, ya ce, "Allah sarki. Ashe ya riga ni." Aka kira sallar magariba, ya ce in tsayar da shi daidai nan, kada in bari ya wuce, in mun fito masallaci mu ƙarasa.